Zauren Kallo: Amsoshin tambayoyinku kan Amina, Labarina, Ertugrul da sauransu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a zauren. Saƙonni sun taru sosai wannan karon, wasu ta WhatsApp wasu ta Facebook, akwai ma wanda ya rubuto a takarda ya ba ɗan acaɓa ya kawo, Allah ya saka da alheri. Ba duka zan iya amsawa ba. Masu neman lambar wayar 'yan fim kuma ku yi haƙuri, ba ni da ita, ko da ina da ita ma ba zan bayar ba. Bismillah.

TAMBAYA: Slm Kawu, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a Samaru kuma 'yar cikin birni ce ni gaba da baya. Shekaranjiya muka kalli fim ɗin Amina a Netflix da 'yan ɗakinmu, wlh raina ya ɓaci, wata ƙawata 'yar Kudu sai tambayata take wai ashe haka mutanenku suke da, na rasa me zan ce mata. Dan Allah tarihin gaskiya ne suka nuna ko ƙirƙira ce? Kuma me ya sa Sarauniyar Zazzau guda za ta riƙa Turanci?
Daga 'yarka, Samaru.

AMSA: 'Yata kin makara da wannan ɓacin ran, mu tun Nuwamban 2021 da fim ɗin ya hau Netflix muka yi namu har muka huce. Izu Ojukwu ne darakta, Lucy Ameh ce ta fito a Amina, Ali Nuhu ma yana ciki, kuma a 2022 fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin da ya fi kowane a gasar finafinan Afirka ta AMVCA, to kin ga ba aikin 'yan koyo ba ne. An kashe kuɗi, dawakai da sutura da hoto duk an yi ƙoƙari, wannan ba mai musu. Amma Bazazzagi in ya zauna kallo, kafin a je ko'ina zai ji a jikinsa ba gidansu ake nuna masa ba. Filin nan da ake haɗa ƙarti faɗa jama'a na ihu, ni dai finafinan Rumawa ya tuna min, ba dandalin dambenmu ba mai kalangu da kirari. Yadda ake magana a gaban sarki, yadda mace ke tsayawa, yadda ake gaisuwa, ba na cewa sai fadar ta zama irin ta yau sak, don Amina ta riga jihadi da ɗaruruwan shekaru, amma akwai wata kunya da kawaici da iya zance ta Hausawa da ba ta shiga Turanci ko ya aka yi, kuma ita ce fim ɗin ya rasa.

Batun tarihi kuwa, abin da aka samu a rubuce kan Amina bai da yawa, ki riƙe wannan kafin ki je ki yi musu da kowa. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato wajajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Amma ta ɓangaren tarihin Zazzau ana cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sa mulkin a wajajen 1536, kin ga tsakanin lissafin biyu akwai sama da shekara ɗari, malaman tarihi har yau suna ja a kai. Sauran kuma labarin baka ne, ganuwar da ake kira da sunanta a garuruwa, da kirarinta na 'yar Bakwa ta san rana, da ƙanwarta Zariya da ake cewa sunanta garin nan ya ci. To duk wanda zai yi fim na kusan awa biyu da wannan dole ya cike gurbi da nasa, soyayyar da kika gani da makircin fada da su bokanya duk aikin marubuci ne. Cike gurbin ba laifi ba ne, kowa haka yake yi, magana ita ce da me ka cike.

Yanzu bari in juyo kanmu, don a nan ne abin ya fi min ciwo. Yarbawa sun yi Anikulapo a 2022, Kunle Afolayan ya gina ƙauye sukutum a jihar Oyo don fim ɗin, Femi Adebayo ya yi Jagun Jagun a 2023, duk da Yarbanci tsantsa, duniya ta kalla tana karanta fassara a ƙasan allo ba wanda ya mutu. Mu kuma da aka ce za a gina ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, aka yi ta cece-ku-ce har gwamnatin tarayya ta janye. Kuma garin nan me ya rasa? Ga dutsen Kufena, ga Turunku can ta Igabi, ga ragowar ganuwa da ƙofofi, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ga sashen tarihi da na wasan kwaikwayo a makarantarku, har da Drama Village ɗin nan na ginin ƙasa da kike wucewa kullum, ga mahaya da masu ɗinkin kayan doki da kowace sallah muke gani a hawa. Kaya duk suna nan, wanda zai zauna ya yi bincike ya rubuta da mai kuɗin da zai yi haƙuri shekara biyu bai ga riba ba, su ne babu. Ki nemi Mai Martaba na 2024 ki kalla, na Prince Daniel da ake ce wa Aboki, a Daura aka ɗauke shi da Hausa, Adam A. Zango na ciki, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar duk da bai kai zagayen ƙarshe ba. Masarautar cikinsa ƙirƙirarriya ce, yana da nasa raunin, amma aƙalla in sarki ya buɗe baki kin san sarkin Hausa ne. Ƙawarki kuma ki ɗauke ta ki kai ta Ƙofar Fada ranar hawan Daushe, ta gani da idonta.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni fa na gaji da finafinan nan masu dogon zango. Na bi Labarina tun lokacin Sumayya da Mahmud, na bi Izzar So, yanzu ga Manyan Mata ga Garwashi ga wane ga wane, kowane sati sai na sa data, a ƙarshe awa guda ta wuce ba abin da ya faru sai kuka da kallon-kallo sai a rubuto mu haɗu mako mai zuwa. Maigidan har ya fara min gori wai kuɗin cefane nake kallo. Wai su ba su san yadda ake gama labari ba ne?
Maman 'yan biyu, Gyallesu.

AMSA: Sun sani sarai Hajiya, gamawar ce ba ta da riba. Bari ki ji yadda abin ya samo asali. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa zamanin Sangaya da Wasila da bayansu, fim kaya ne na sayarwa, furodusa zai yi na ɗaya da na biyu, in ya yi tsawo na uku da na huɗu, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, namu na Sabon Gari da Tudun Wada su je su saro. Dole labari ya ƙare don a sayar a shiga wani. Sai satar fasaha da turin fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, fim ɗin da mutum ya ci bashi ya yi sai a tura maki shi a memori da kuɗin da bai kai na ƙosai ba kuma ko sisi ba ya komawa wurin mai shi. Ana cikin haka Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, mutane suka saba da jiran sati, sannan kullen korona na 2020 ya zo kowa yana gida da waya a hannu, Izzar So na Lawan Ahmad ya fashe a YouTube, Labarina na Aminu Saira ya biyo, daga nan kowa ya ce ai ga hanya.

To ita YouTube talla take biya, gwargwadon yawan masu kallo da tsawon zaman da suka yi, kuma bidiyo in ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, in ya kai awa kin ga sai yadda hali ya yi. Sannan abin da ake biya kan mai kallo daga Najeriya kaɗan ne in aka kwatanta da na Ingila ko Amurka ko Saudiyya, shi ya sa suke ƙarawa da tallan cikin fim, ana tsakiyar rigimar saki sai ga mai sayar da filaye ko shadda ko maganin sanyi. Shirin da ya riga ya samu masu kallo, ranar da aka gama shi ranar aka rufe shago. Sai a yi irin ta mai koko da ciniki ya buɗe mata gasara ta kusa ƙarewa, a yi ta ƙara ruwa.

Ki lura da kyau sati mai zuwa, ki ga inda awar taki ke tafiya. Za a fara da tuna baya. Sai hoton gari daga sama, sai mota ta taho, ta yi hon, maigadi ya fito da gudu yana gyara hula, ya buɗe ƙyaure ɗaya ya zagaya ya buɗe ɗayan, motar ta shiga ta yi fakin, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga ya rufe ƙofa ya taka har falo, Hajiya ta ce sannu da zuwa ya ce yauwa, ya hanya lafiya lau, a kawo ruwa a tire a tsiyaya ya sha ya ajiye kofi ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce Hajiya akwai magana, amma bari in yi wanka tukun. Kiɗa ya tashi, a nuno fuskarta a nuno tasa a sake nuno tata. Wannan ba laifin kyamara ba ne, kyamarorinsu yanzu masu kyau ne wlh, hoto tas, rubutun ne ba a gama ba aka shiga lokeshan, wani lokaci ma ana ɗauka ana jin me 'yan kallo ke cewa a kwament ana karkata labarin. Muna da marubuta na gaske, su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih da Yakubu M. Kumo da wasunsu, amma ki tambayi masu kallo goma sunan wanda ya rubuta shirin da suke so ki ji shiru, jaruma kuwa har launin mayafinta sun sani, kuma yadda masu kallo suka ɗauki marubuci haka kasuwar ta ɗauke shi.

Amma kar mu yi musu kuɗin goro. Daɗin Kowa daban yake, shi rayuwar gari ce, su Kamaye da Adama maƙwabta ne kike leƙawa, ba a gina shi don ya ƙare ba kuma ba wanda ya yi maki alkawarin haka. Kwana Casa'in ma zangunansa na farko sun yi kyau ƙwarai, jihar Alfawa da Gwamna Bawa Maikada da Sani Mu'azu ya hau, duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya ga mutanen da ya sani. Labarina kuma na yaba musu da suka rufe labarin Sumayya, wanda ya riga ya gaji tun da aka canza jarumar daga Nafisat Abdullahi zuwa Fati Washa, suka buɗe sabo fil da Sadiq Sani Sadiq a Mainasara. Haka ya kamata, suna ɗaya labari daban-daban, kowa ya huta.

Shawarata, ki zaɓi biyu ki bar sauran. Ki bari zango ya ƙare sannan ki kalla a jere, ki rage ƙarfin hoton zuwa 360, a waya ba wani bambanci za ki gani ba, inda aka fara buɗe get ki danna gaba. Kuma ki kalla a tashar masu shirin, ba ta masu kwafewa su sake ɗorawa ba. Shi kuma maigida a ce ina gaishe shi, a tambaye shi nawa yake ba gidan kallon ƙwallo.

TAMBAYA: Malam kullum sai an yi musu a teburina har shayi ya huce. Ali Nuhu da Adam A. Zango wa ya fi iya aktin? Abin da ka faɗa shi za mu ɗauka.
Mai shayi, Kwangila.

AMSA: Kai ɗan'uwa so kake a fasa min gilashin mota. Musun nan ya girmi wasu masu karanta shafin nan. Ali ya fi natsuwa da iya zaɓen rol, ga daɗewa, tun Janairun 2024 ma shi ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Adamu ya fi zafi a jiki, in aka ba shi ɗan damfara ko tantiri irin na Basaja ba ka iya ɗauke ido. Amma in aktin zalla kuke magana ku ajiye su duka biyun ku kalli Rabi'u Rikadawa a Baba Ɗan Audu na cikin Labarina, mutumin da zai ba ka dariya da haushi a numfashi ɗaya. Ku ɗora sabon musu daga nan, a ƙara min madara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni na hana kallon fim ɗin Hausa a gidana saboda rawa da waƙa, Ertugrul da Usman kawai muke kallo da iyali tunda tarihin Musulunci ne, yarana har sun haddace sunayen su Turgut da Bamsi. Sai wani a majalisarmu ya ce min wai yawancinsa ƙarya ce aka shirya. Gaskiya ne? Abin ya dame ni don har misali nake ba yara da shi.
Wani magidanci, Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Abokin naka ya yi gaskiya amma ya faɗe ta da kaushi. Ertugrul mutum ne da ya rayu, shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya wajajen 1299, kabarinsa na nan a garin Sogut a Turkiyya, an kuma samu tsabar kuɗi ta zamanin Usman da aka rubuta sunan uban a jiki. Bayan wannan abin da aka tabbatar ɗan kaɗan ne, ko sunan mahaifinsa ma masana sun rabu, wasu su ce Sulaiman Shah kamar yadda shirin ya nuna wasu su ce Gunduz Alp. Ibnu Arabi malami ne na gaske, a Dimashƙa ya rasu a 1240, amma zaman da kake gani yana yi da Ertugrul yana ba shi shawara duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya, marubuci ne ya haɗa su. Ka duba lissafi ma, gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya TRT ya nuna shirin daga 2014 zuwa 2019, zango 5, kashi 150 kowane kusan awa biyu, ina za a samu tarihin da zai cika wannan kan mutumin da abin da aka sani a kansa bai fi shafi ba?

Ni ina son shirin, kar ka ji na ce haka ka ɗauka kushe ne. Sun iya gina bos, sun iya sa ka tsani maci amana, ga girmama iyaye ga salla ga mata masu kamun kai da kuma ƙarfin hali, kuma su ma suna jan labari, sau nawa aka kama Ertugrul ya kuɓuta? Sai dai ka sani ƙasa ce take tallan kanta da tarihinta, kuma ta iya, har Firaministan Pakistan na lokacin Imran Khan ya sa aka fassara shi da Urdu a 2020. Ku ci gaba da kallo a matsayin wasan kwaikwayo mai tarbiyya, amma in misali za ka ba yara na addini ka ɗauko daga sira da tarihin sahabbai wurin malaminsu na Islamiyya. Sannan akwai sare-saren kai da azabtarwa a ciki da ban ga dacewar ƙaramin yaro ya gani ba, rashin rawa da waƙa bai wanke wannan ba. In kana son wanda ya fi kusa da tarihin da aka rubuta, nemi fim ɗin Umar Mukhtar na Mustapha Akkad, wanda Anthony Quinn ya fito a dattijon da ya yaƙi Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931.

TAMBAYA: Kawu ni malamar firamare ce. Yaran ajina ba su da zance sai na Indiya-Hausa, in suna faɗa irin maganar fassarar nan suke yi, har da kalaman da ni ba zan iya maimaitawa ba. Kwanan nan kuma na ga suna wani wasa a filin makaranta, ɗaya ya juya baya in ya waigo wanda ya motsa sai a ce an harbe shi ya faɗi, suka ce wai Squid Game ne. Ya kake ganin finafinan nan?
Malama, Hanwa.

AMSA: Malama sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada. Abu biyu kika haɗa. Indiya da Bahaushe tsohuwar soyayya ce tun zamanin silima, iyayenmu har laƙabi suka ba 'yan wasan, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Abin da ya canza shi ne yawancin waɗanda su Algaita da Sultan ke fassarawa yanzu ba na Mumbai ba ne, na kudancin Indiya ne, Telugu da Tamil da Kannada, irin su Baahubali na Rajamouli da ya fito 2015 da 2017, da KGF, da Pushpa na Allu Arjun, mutum ɗaya ya daki hamsin ƙura na tashi gashinsa bai motsa ba. Kuma zan faɗi abin da 'yan Kannywood ba sa son ji, Hausar masu fassarar nan ta fi ta finafinanmu da yawa rai, akwai habaici akwai baƙar magana akwai karin magana a inda ya dace, mutum ɗaya ya yi muryar tsoho ya yi ta bos ya yi ta ɗan iska kuma ka yarda. Matsalar ita ce don a ba 'yan majalisa dariya suna ƙara gishirin da babu shi a ainihin fim ɗin, zagi da zaurancen batsa, kuma a memorin da uba ya tura wa kansa shi yaro ke kalla in ya ɗauki wayar.

Squid Game kuwa na Koriya ta Kudu ne, ya fito 2021, zango na uku ya rufe a Yunin 2025, labarin mutum 456 da bashi ya yi wa katutu aka tara su suna wasannin yara, wanda ya faɗi a harbe shi, na ƙarshe ya kwashe kuɗin. Ga babba shiri ne mai ma'ana sosai kan talauci da yadda masu kuɗi ke kallon wahalar talaka a matsayin nishaɗi, zangon farko dai ya fi sauran nesa ba kusa ba. Amma na manya ne, su kansu masu shi haka suka rubuta. Wataƙila ma yaran naki ba su ga shirin ba, guntayensa suka gani a TikTok. Wasan tsayawa cak ɗin ba shi da illa, harbin za ki cire masu, wanda ya motsa ya fita layi kawai. Ranar taron iyaye kuma ki faɗa masu kai tsaye su riƙa sa wa waya makulli, su ware wa yara nasu kallon.

TAMBAYA: Slm. Na ji an ce an taɓa dakatar da su Labarina da Daɗin Kowa a Kano, me suka yi? Kuma dokar ta shafe mu a nan Zariya?
Ɗan Muciya.

AMSA: A watan Mayun 2025 ne Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da waɗanda ka ambata da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta da Jamilun Jidda. Dalilin da ta bayar shi ne ana sakinsu ba a kawo mata ta duba ba, ba wai an kama su da wani abin assha ba. Hukumar ta jiha ce, an kafa ta a 2001 bayan dawo da shari'a, ikonta a Kano ya tsaya, mu nan ta tarayya ce ke kanmu. Amma tunda kusan duk a Kano ake ɗaukar shirye-shiryen kuma can ofisoshinsu suke, in an taka masu burki can kai ma a Muciya ba za ka ga sabon kashi ba. Ba yau aka fara ba, a 2007 da abin ya yi zafi tsakanin hukumar da 'yan fim, da yawansu Kaduna suka dawo da aiki. Ni ina goyon bayan a duba abin da zai shiga gidajen mutane, sai dai shirin da ake ɗauka yau a saki jibi yaushe aka kai shi aka duba, ka ga ita ma wannan rigimar daga gaggawar sati-sati ta taso.

TAMBAYA: Jikana ne ke rubuta min. Ni dai tun da aka daina Samanja da wasannin Kasimu Yero ban sake ganin wasan kwaikwayo ba, na yanzu duk soyayya ce da gidajen bene. Ko ni ne na tsufa?
Dattijo, Kwarbai.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsufa kam an tsufa, amma maganarka tana kan hanya. Allah ya ji ƙan Kasimu Yero, ɗan garin nan, da ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi Samanja mazan fama da ya bi shi a 2023. Shi Samanja soja ne na gaske kafin ya zama na wasa, shi ya sa Hausar barikin nan tasa da tsawar da yake wa kurata ba koyo ya yi ba. Kasimu kuwa ko a Karambana ko a Magana Jari Ce ko da Turanci a Cock Crow at Dawn, in ya ɗaga gira kawai an gama dariya. Kayan aikinsu bai kai na yaran yanzu ba ko kusa, sau da yawa ɗaki ɗaya ne da kujeru da labule, sauti ma wani lokaci sai ka kasa kunne. Amma gidan talabijin ke ɗaukar nauyi, ba mai jiran talla, kuma a ɗan lokacin da aka ba su za a ɗauko matsala guda, ta haya ko ta bashi ko ta ɗan da ya ƙi makaranta, a warware ta a tashi. Kuma mutanen cikin wasan irin waɗanda za ka gamu da su ne a Kasuwar Sabon Gari ko bakin Babban Dodo.

Sai dai Baba kar a yanke ƙauna da na yanzu duka. A sa maka Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, rigimar tsoho mai dukiya da 'ya'yansa masu jiran gado, ina jin za ka ga jinin su Kasimu a ciki, musamman zangunan farko. Kai kuma jika, ka shiga YouTube ka rubuta Samanja, akwai guntayen tsofaffin wasannin da mutane suka ɗora, hoton ya ɗan dushe amma ana gani, ka sauke masa su a waya ka haɗa da lasifika don ya ji sosai. A gaida mutanen Kwarbai.

Masu tambaya kan finafinan Koriya na sarauta irin su Jumong, da wadda ta turo doguwar wasiƙa kan waƙoƙin fim, na gani, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.